Farin Hannu a Bakin Marina

An ce wai a zamanin da, an yi wani birni da ya yi suna da rini, har fatake kan keto daji daga nesa don su sayi baƙin rawaninsa da shuɗin zanensa. Marinar birnin tana bayan ganuwa ta gabas, ramukan rini a jere, kowanne da murfinsa na ciyawa, kuma duk wanda ya sami gurbi a cikinta ya rabu da yunwa shi da iyalinsa. Shugaban masu rinin wani dattijo ne, Sarkin Marina Jatau, wanda ba a taɓa jin ya danne haƙƙin kowa ba, ba a kuma taɓa jin ya tausaya wa kowa ba.

Akwai wata al'ada da Jatau ya riƙe da ƙarfi. In mutum ya zo neman aiki, ba ya tambayar sunansa, ba ya tambayar garinsu. Magana ɗaya ce: "Nuna hannunka." Dalili kuwa, ruwan baba, wato ganyen da ake jiƙawa da toka a yi rini da shi, yana kama fata ya shige farce, har hannun mai rini ya koma baƙi ƙirin zuwa gwiwar hannu. In Jatau ya ga baƙin hannu, ya san mutum ya taɓa yi, sai ya ba shi rami. In ya ga farin hannu, sai ya ce, "Je ka ka ƙware, ka dawo." Sannan kuma ya kafa doka cewa wanda ba ma'aikaci ba kada ya kuskura ya taɓa ruwan rami. Ni dai ban san inda ake so mutum ya je ya ƙware ba, na kuma tambayi waɗanda suka ba ni labarin, su ma ba su sani ba.

A cikin waɗanda wannan al'ada ta rufe wa ƙofa akwai wasu magidanta biyu, Nomau da Tunau. Tare suka tashi a wani ƙauye na bakin kogi, tare kuma kogin ya cinye musu gonaki, suka kwaso iyali suka shigo birni. Ba ragwaye ba ne. Sun je wa maƙera, aka ce 'ya'yan wa ne ku. Sun je wa fatake, aka ce wa zai tsaya muku. Da suka gaji da zagaye sai suka tare a gindin wata tsamiya da ke ƙofar marina, tare da wasu ire-irensu, suna kallon masu rini suna tsoma zane suna ɗagawa. In an sami dako su yi, in ba a samu ba su koma gida hannu rabbana.

Shawara kuwa sun sha ta har ta ginshe su, domin ita kaɗai ce masu ƙoshi ke bayarwa ba a roƙe su ba. Wani ya ce su riƙa yin sammako, suka yi ta riga mai shara zuwa. Wani ya ce su wanke riga, kada su zo da kamar mabarata, suka wanke har rigar ta yage. Wani ya ce su riƙa durƙusawa sosai in za su gaida Sarkin Marina, suka durƙusa har gwiwa ta yi kanta. Duk da haka amsar ba ta sake ba, domin ba rigarsu ake dubawa ba, ba kuma gwiwarsu ba.

Matar Nomau, Delu, ita ke riƙe da gidan. Surfen mutane take yi, a sallame ta da tsaki da dusa, da shi take yi wa yara ɗan abin sawa a baki. Wata rana da yamma Nomau ya dawo ya tarar ta zauna kusa da turmi, tafin hannunta ya fashe yana jini, ta kasa ƙarasa surfen. Ya tsaya yana kallonta cikin kunya.

Ita ta fara magana. Ta ce, "Maigida, yau ma farin hannu suka ce?"

Ya ce, "Shi suka ce."

Ta ce, "Innata tana rina zare a tukunya, na kuwa ga yadda take yi. Baba ne da toka da ruwa, a rufe a bar shi ya tashi. In dai baƙin hannu suke so, a gidan nan ma ana iya yin sa."

Nomau ya ce, "Delu, ƙarya kike so in yi?"

Ta buɗe masa tafin hannunta ta ce, "Ni ba na son komai. Ka dai duba wannan, ka gaya mini har yaushe."

Washegari ya gaya wa Tunau, ya ce su yi tare. Tunau ya girgiza kai ya ce, "Ni dai, Nomau, ba zan ci da 'ya'yana da ƙarya ba. Allah da ya yi mu bai manta da mu ba." Nomau ya ce, "Ban ce ya manta ba. Jatau ne bai san an yi mu ba." Suka rabu a kan haka, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya yi wauta.

Nomau ya ɓuya a gida yana tsoma hannu a tukunya safe da yamma, har fata ta kama, farce ya yi baƙi. Sannan ya aske gemu, ya ari rawani, ya tunkari marina yana cewa shi baƙo ne daga wani gari na yamma. Yana tsoron kada a gane shi, amma da ya sani da bai wahalar da kansa da aski ba. Duk zaman da ya yi a gindin tsamiya, duk gaisuwar da ya kai, Jatau bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarsa ba. Ya dubi hannu, ya ga baƙi, ya nuna masa rami.

Mutumin da ya daɗe yana kallo da yunwa a cikinsa ba abin da ke wuce masa. Nomau ya riga ya haddace yadda ake motsa ruwa da muciya, da yadda ake ɗaga zane ya sha iska har korensa ya juye shuɗi. Inda kuma ya rasa, sai ya ce wa na kusa da shi, "Mu a garinmu dabam muke yi, nuna mini irin naku." Ba abin da mai sana'a ke so irin a ce nasa ya fi, sai su yi ta nuna masa da murna. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, rininsa ya zauna, har fatake suka fara tambayar ramin baƙon nan. Delu ta ajiye taɓaryar mutane, hannunta ya warke.

Tunau kuwa yana nan gindin tsamiya. Nomau kan aika masa da tuwo a ɓoye, amma a fili ba ya iya ko gaishe shi, tunda ya ce shi baƙo ne da bai san kowa ba. Kullum sai ya wuce ta gabansa kansa a ƙasa. Tuwon yana shiga cikin Tunau, amma wucewar nan tana shiga zuciyarsa, kuma ita ta fi daɗewa a ciki.

Wata safiya, bayan ya binne ƙaramar 'yarsa da zazzaɓi ya ɗauke, Tunau ya sake zuwa gaban Jatau ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗebo ruwa ne, ko kwasar toka, a taimaka." Jatau ya ce, "Nuna hannunka." Ya nuna. Jatau ya ce, "Je ka ka ƙware, ka dawo." Nomau yana tsaye a bakin raminsa yana ji, sai ma ya ƙara sunkuyawa kan zanen da yake tsomawa.

Tunau ya miƙe ya ce, "A ina zan ƙware, ranka ya daɗe? A tukunyar Delu, inda wancan ya ƙware?" Nan ya kwashe labari duka ya faɗa a gaban masu rini da fatake.

Jatau ya ji kamar an mare shi a kasuwa. Ba ɓarnar zane ta dame shi ba, domin ba a yi ba, abin da ya ci masa rai shi ne an yaudari idonsa. Ya sa aka kama Nomau aka kai shi gaban alƙalin birnin, Malam Zubairu, wani tsoho mai sanyin magana wanda aka sani da jinkiri kafin hukunci. Masu rini duka suka biyo baya, mazauna gindin tsamiya ma suka biyo, tunda ba su da wani aiki da zai hana su.

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin nan ya shigo marinata da hannun ƙarya. Ina so a kore shi daga aiki, a zagaya da shi kasuwa a faɗa wa kowa abin da ya yi, a fitar da shi daga garin nan. In aka ƙyale shi, gobe kowane gida zai dasa tukunya."

Alƙali ya tambayi Nomau. Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi. Na nema da gaskiya har rigata ta yage, ba a ba ni ba. Na nema da ƙarya, aka ba ni tun ban rufe baki ba. Ba ni da abin da zan ƙara."

Malam Zubairu ya ga inda maganar ta tsaya. In ya kori Nomau, ya tura gida guda cikin yunwa, ya kuma sa wa al'adar Jatau albarka. In ya sake shi haka nan, ya sanar da birni duka cewa ƙarya ce hanyar samun aiki, ga kuma Tunau tsaye, wanda ya riƙe gaskiya har ya binne 'yarsa.

Can sai ya ce a kawo ƙwarya da ruwa da sabulun salo da dutsen goge ƙafa. Aka kawo. Ya ce, "Sarkin Marina, ni ba na hukunci a kan abin da idona bai gani ba, kuma ban san rini ba, kai ka san shi. Ka ce a hannun nan akwai rinin ƙarya. Wanke mini shi a ƙwaryar nan, ka bar na gaskiya in akwai, in ga yawan ƙaryar, in yanke hukunci daidai da ita."

Jatau ya naɗe hannun riga ya kama hannun Nomau. Ya cuɗa da sabulu, ya goga da dutse har Nomau ya cije leɓe. Aka zubar da ruwa aka sake wani. Hannun yana nan baƙi ƙirin kamar yadda yake. Jatau ya juya shi, ya dubi farce, ya dubi tsagar fata. Shi kuwa duk taurinsa ba ya ƙarya a kan sana'arsa, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba na tukunya ba ne. Na tukunya ba ya daɗewa, fata kan sake, farce kan tsiro a yanke. Wannan rinin rami ne, ya shiga jiki."

Alƙali ya ce, "To ina na ƙaryar?"

Jatau ya ce, "Ya tafi tuntuni."

"Ya taɓa ɓata maka zane?"

"Bai taɓa ba."

"Da yau ne ya zo maka da hannun nan yana neman aiki, me al'adarka ta ce?"

Jatau ya ce, "Ta ce in ɗauke shi. Amma, Malam, ai da farin hannu ya shigo, ya ɓoye."

Malam Zubairu ya ce, "Madalla, mun zo gun maganar. Nuna mini naka hannun." Jatau, wanda ya yi shekara da shekaru yana faɗa wa mutane wannan magana, yau aka faɗa masa ita, ya miƙa hannu. Alƙali ya ce, "Da shi aka haife ka haka?"

"A'a."

"To ran da ka fara tsoma shi a rami, wane launi ne, kuma wa ya bar ka?"

Jatau ya ce a hankali, "Fari ne. Mahaifina ne ya kama shi ya tsoma."

Alƙali ya bi masu rini ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya. Wannan ya ce ubansa, wancan ya ce kawunsa, na gaba ya ce yayansa, wani ya ce surukinsa. Har baƙin da suka zo daga wasu garuruwa, kowa da wanda ya kama masa hannu a can. Aka ƙare layi ba a sami ko mutum guda da ya faɗo duniya da baƙin hannu ba.

Sai Malam Zubairu ya gyara zama ya ce, "Sarkin Marina, ka ji da kunnenka. Duk wanda ke cikin marinarka da farin hannu ya shiga rami, har da kai. Ashe al'adarka ba hannu take tambaya ba, tana tambaya ne ko mutum yana da uba a bakin rami, sai dai tana jin kunyar ta faɗa a fili. Saboda haka ga zaɓi. In shiga da farin hannu ne laifin da ake kora a kansa, to a kori kowa, a fara da kai, ku duka ku je ku ƙware ku dawo. In kuwa ba laifi ba ne, Nomau ya koma raminsa."

Jatau ya dubi mutanensa, ya ga ba wanda ya yarda su haɗa ido. Ya ce, "Ya koma raminsa."

Nomau ya faɗi zai yi godiya, alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ban gama da kai ba. Rinin tukunya ya bar hannunka, amma ƙaryar ba ta bar bakinka ba, yunwa kuma tana rage nauyin laifi ne, ba ta shafe shi. Abin da ya fi ƙaryar muni, ka sami shiga, ka ji an kori abokinka a gabanka, ka sunkuya. Hukuncinka shi ne ka zama uban da ba ka samu ba. Gobe ka kama hannun Tunau ka tsoma a raminka, ka koya masa, duk zanen da ya ɓata a wuyanka yake. Bayansa kuma, duk shekara in an yanki baba, ka ɗauko mutum guda daga gindin tsamiya ka yi masa haka, har ranar da ƙarfinka ya ƙare. Sarkin Marina ba zai hana ba, domin abin da mahaifinsa ya yi masa ne."

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin da ya tona mini asiri a gaban duniya?"

Alƙali ya ce, "Da mai daɗi ne ai da ban kira shi hukunci ba." Sannan ya juya ga Tunau ya ce, "Kai kuma ka faɗi gaskiya, amma ba don Allah ka faɗe ta ba, don zafin zuciya ne. Za ka karɓi sana'a daga hannun wanda ka so a kora, kullum kana kallonsa. Wannan ya ishe ka."

Da gari ya waye suka haɗu a bakin rami, masu rini sun yi cirko-cirko suna kallo. Nomau ya ɗage murfi, ya kama hannun Tunau. Ya ji shi ba nauyi, ƙashi ne da fata, ya tuna wannan hannun ne suka yi noma da shi, shi ne kuma ya haƙa ɗan ƙaramin kabari ba da daɗewa ba. Ya tsoma shi cikin ruwan, ya riƙe, ya ɗago. Hannun ya fito kore, iska ta buge shi, ya fara juyewa shuɗi.

Tunau ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe iyakar abin ke nan, Nomau? Wannan ne ya gagara har yarinyar nan ta tafi?"

Nomau ya miƙa masa muciya.

Tunau ya ƙware, ya sami raminsa, ya ci da sauran 'ya'yansa. Amma shi da Nomau ba su sake cin tuwo a akushi ɗaya ba har suka bar duniya. Nomau ya cika hukuncinsa shekara bayan shekara, duk da haka sunan da birni ya sa masa, Mai Hannun Aro, bai bar shi ba, har jikokinsa da shi ake kwatance. Gindin tsamiya kuwa bai taɓa zama wayam ba, domin mutum guda ake ɗauka a shekara, masu zuwa kuma sun fi haka yawa. Alƙali ya iya buɗe ƙofa ɗaya, bai iya sa wa masu ƙofofi tausayi ba.

Saboda haka, kai mai nema da aka yi ta mayarwa, kada ka ɗauki korar da aka yi maka a matsayin awon darajarka, sau da yawa ba a ma dubi fuskarka ba. Kada kuma ka rina hannunka a tukunya, domin launin zai fita, sunan ba zai fita ba. Nemi mutumin da zai kama hannunka, ko ƙarami ne a wurin, ka lazimce shi. Kai kuma da ka riga ka shiga, kafin ka ce wa wani ya je ya ƙware, ka tuna babu ƙwararren da ba a taɓa kama farin hannunsa an tsoma ba.